Ranar Ƙarshe a Tudun Valparaiso

Wata bakwai ina tara kuɗi a gwangwanin shayi
kafin na sayi babbar kyamarar nan,
baƙa, mai ƙusumbi, mai dogon baki.
Mai shago ya ce ta 'yan koyo ce,
da na rataya ta sai wuyana ya ƙaryata shi.
A cikinta akwai madubi
da ke ɗagawa ya faɗi, ƙwas,
duk sanda ta haɗiye haske.

Ta Gwaggo Nelida kuwa ba ta kai kwalin ashana biyu ba.
A aljihun riga take kwana
tare da makulli da alewar tari.
Fentinta ya goge a kusurwa,
ta taɓa faɗawa miyar kifi ta fito da ranta.

Ranar ce ta ƙarshe ga babana, Evaristo.
Shekara talatin da ɗaya yana jan ƙarfen
da ke hawa da akwatin fasinja kan tudu,
ya sauko da shi bakin tashar jiragen ruwa,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
har unguwa ta haddace tarinsa.

Na tsaya na zuge jaka,
na cire marfi, na murɗa zobe, na duba lamba,
na rufe ido ɗaya kamar maharbi.
Baba ya hango ni.
Nan take ya gyara hula, ya matse tumbi,
ya ɗauko fuskar da yake sawa in manyan ofis sun zo.
Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Hoto arba'in na wani mutum mai kama da ubana.

Kada in ci amanar kyamarar:
ta ƙirga furfurarsa ɗaya bayan ɗaya,
ta kamo tabon da waya ta bar masa a yatsa,
ta narkar da gidajen bayansa, shuɗi da ja da rawaya,
suka koma kamar fenti a ruwa.
Da rana ta nutse a teku, jirage suka kunna fitilu,
ita kaɗai ta ci gaba da gani.
Ta Gwaggo tuni ta makance,
hotunanta tsaki-tsaki kamar an barbaɗa musu gishiri.

Sai dai akwai sanda na juya baya
ina laluben marfin da ya gangara ƙarƙashin benci.
Fasinja na ƙarshe ya fita.
Baba ya zaci ba mai kallo.
Ya zaro hankici ya goge hannun ƙarfen,
ya sunkuya ya raɗa masa wata magana.
Gwaggo na cin gyaɗa da dama,
ta danna da hagu, ba ƙara, ba walƙiya,
ko tauna ba ta fasa ba.

Hoton ya karkace.
Rabin hular Baba ta fice ta sama,
yatsan Gwaggo ya tare kusurwa,
in ka faɗaɗa shi ya wuce tafin hannu sai ya wargaje.

Nawa na wanke shi babba, na sa masa gilashi.
Yana falo, baƙi na yabawa,
suna tambayar nawa na sayi kyamarar.
Na Gwaggo yana jikin firiji,
maganaɗisu ya danne shi
kusa da takardar kuɗin wuta.

Jiya na tambayi Baba me ya ce wa ƙarfen.
Ya cire hoton, ya kai shi dab da hanci, ya daɗe.
Ya ce, "Wannan ai bai fita sosai ba.
Kawo naka in gani."
Na sauko da shi daga bango.
Ya ce madalla, hular ta zauna daidai.

Sannan ya mayar da ƙaramin da kansa,
ya ɗan matsar da takardar wuta gefe,
ya tafi ɗora ruwan shayi.